Cokalin da Aka Ajiye wa Hambali

Ke Bushra, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana irin taku ta 'yan boko. Labarin kawunki Hambali zan bayar, don na gaji da jin sa a bakin mutanen da rabi kawai suka sani.

Ni ne Shehu, dillalin shanu a da, kafin gwiwa ta zaunar da ni. A Yakasai aka haife ni, a nan na tsufa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Hambali shi ne na huɗu a 'ya'yana, shi ya sa bakina yake iya kama sunansa. An haife shi shekara guda bayan bushiya, ciwon nan da ya share shanu sama da shekara arba'in da suka wuce. Mu muna birni, amma shanunmu suna ƙauye wajen ƙanen mahaifina. Sittin da wani abu ne, bakwai suka tsira. Na je na ga ana jan su da igiya ana turawa a rami. Baffan nan nawa bai ƙara yin hira mai tsawo da kowa ba har ya rasu. Wannan labarin na sha ba wa Hambali tun yana ƙarami, ban san yana ajiyewa ba.

Tun yana ɗan shekara bakwai, in akuya ta ƙi cin dusa shi ne mai buɗe mata baki ya leƙa. Matan lungu su aiko masa da kaza mai gyangyaɗi. Da ya gama sakandare ya tafi Zariya ya karanta likitancin dabbobi, ya dawo gwamnati ta ɗauke shi aiki. Ya auri Zuhra, na ba su sashe a gidan nan. Mutum ne mara yawan magana, ba ya wuce jam'i, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba.

To a lungunmu muna da ciyayya, tun zamanin iyayenmu. Gida shida ne. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Bilal, don shi ne mai fili, kowane gida ya fito da kwanonsa. Ba kowa ya ci nasa ba. Kwano ɗaya ake buɗewa, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Saurayi ba ya zama a nan sai ya yi aure. Ranar da aka ce wa mutum matso ka sa hannu, ranar ya zama magidanci a idon lungu. Ni na zaunar da Hambali a gefena da kaina, ya yi shekara goma sha biyu yana ci a wajen.

Shekara uku da suka wuce sai ya fara tafiye-tafiye. Ya yi kwana uku ko huɗu, ya ce kudancin Kaduna, ya ce Filato. In na tambaya ya ce aikin dabbobi ne, Baffa. Ni kuwa in an ce dabbobi, shanu nake gani, sai tumaki da awaki. Ban ƙara tambaya ba.

Rannan yana can, sai aka kawo wata takarda daga wajen aikinsu, mai kauri, da tambarin ruwan gwal a ƙasa. Zuhra ta ce ta yabo ce, ta ce kuma in bari ya dawo. Ban bari ba. Ɗana aka yaba, ga tsararrakina a waje, kowa kullum yana ba mu labarin nasa ɗan, wannan yana Abuja, wancan yana Dubai. Na sa ta a aljihu na fita da ita ciyayya. Muna tsakiyar kwano na biyu na miƙa wa Malam Anas, tsohon malamin firamare ne, shi yake karanta mana komai. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya fara da Turanci da murya sama. Sai na ji muryar tana raguwa, har ta tsaya.

Alhaji Bilal ya ce, "Malam, fassara mana. Ko kai kaɗai za ka sha daɗin?"

Malam Anas ya dube ni, ni kuma na gyaɗa masa kai, ina murmushi. Sai ya fassara. Wai ana yaba wa Dakta Hambali Shehu saboda jinin aladu sama da dubu da ya ɗiba, a binciken wani zazzaɓi da yake kashe su.

Can wani ya ce Allah ya sanya alheri. Kwano uku aka mayar gida ba a buɗe ba.

Da ya dawo na kira shi zaure. Ban ko bari ya gama gaisuwa ba na ce ashe aikin dabbobin ke nan. Bai yi musu ba. Ya ce ya ɓoye ne don ya san yadda za a ɗauka. Ya ce wata ƙwayar cuta ce, wai bairos, ido ba ya ganinta, ba ta da magani, mu a nan kuma ba mu da allurar rigakafinta. In ta shiga garke, kwana goma sai rami. Ba ta kama mutum, ba ta kama shanu. Aikinsu shi ne su gano ta ina take bi, ko ta takalmin masu saye, ko ta motar da ake lodi, ko ta ragowar abinci, ko ta wata irin kaska da take ɓuya a tsagar bango. An nemi mai zuwa ɗibar jini a ofishinsu, kowa ya sunkuyar da kai, shi ya ce zai je.

Na ce, to ina ruwanka? Masu ci su nemi likitansu.

Ya ce, "Baffa, bushiyarsu ce. Na ga wata tsohuwa ta zauna a bakin rami kamar yadda ka ce baffanka ya zauna. Da su take biya wa jikokinta makaranta."

Ya ƙara da cewa hanyar da wannan cuta take bi, takalmi da mota da kasuwa, ita ce hanyar da ciwon kaji da na awaki suke bi su shigo mana, wanda ya gane ɗaya ya kusa gane sauran. Ya nuna mini hoto a wayarsa, yana cikin wata farar riga tun daga kai har ƙafa, safar hannu biyu a kan juna, takalmin roba har gwiwa. Ya ce kayan a can ake ƙone su, takalmin a can yake kwana cikin ruwan magani, tsinke bai taɓa shigowa da shi gidan nan ba. Raina bai so ba, gaskiya. Har yau ba na son a ambaci dabbar nan. Amma da ya ce bushiya, sai na ƙyale shi.

Da magariba muka fita tare. Aka gaisa lafiya lau, har da ya hanya. Sai na lura duk wanda ya miƙa wa hannu, sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, wai girmamawa. Da muka zauna, ga cokali an ajiye a daidai wajen zamansa. Shekara sittin ina wajen nan ban taɓa ganin cokali a kan tabarmar nan ba, sai ran da aka yi fate.

Alhaji Bilal ya ce, "Ai Dakta ya wuce cin tuwo da hannu, Malam Shehu. Mu ne dai 'yan gargajiya."

Aka yi dariya. Hambali ya ɗauki cokalin ya ci. Kashegari abin ya ci gaba, aka zo da ɗan faranti aka ɗibar masa nasa daban, wai kada mu takura wa likita. Ba wanda ya zage shi, ki rubuta wannan. Da zagi aka yi da na san abin da zan rama. Ladabi suka yi ta zuba masa har ya koma baƙo a lungun da aka yanka masa ragon suna.

Abin da nake so ɗaya ne, ɗana ya mayar da hannunsa cikin kwanon nan. Na je wajen limaminmu, mutum ne mai karatu, na kwashe komai na gaya masa. Ya ce cin naman ne haram, wannan ba gardama. Amma a karatun da ya yi, dabba mai rai ba najasa ba ce, kowace iri ce. Jini kuwa najasa ne, na rago ma haka, a wanke shi ke nan. Wanda ya sa safa biyu ma bai taɓa ba balle ya wanke. Na ji sanyi. Na ce to Malam, ka zo ka faɗa a wajen ciyayya, ka sa hannu da shi sau ɗaya, magana ta ƙare. Sai ya hau gyaran rawani. Ya ce ai irin wannan a hankali ake bi da mutane. Ya ce kuma likita ya hana shi tuwon dare. Mutumin da na gani da idona a wata walima a unguwar Sheshe ya tashi da malmala uku.

Ana cikin haka, wata biyu kafin babbar salla, ragunan Alhaji Bilal suka kamu da zawo da majina. Guda goma sha ɗaya ne a turke a bayan gida, biyu suka mutu a yini ɗaya. Wa aka aiko wa? Hambali. Ta ƙofar baya aka shigar da shi. Ya ware marasa lafiya, ya yi musu allura, ya sa aka kwashe taroson aka zuba toka, ya hana yaran gida shiga da takalman da suka je kara, kasuwar dabbobi, da su. Kwana shida yana zirga-zirga, kullum kafin ya tafi ofis. Tara suka tashi. Na ce a raina to yanzu kam an gama. Hannun da ya buɗe bakin ragon da za ka yi layya da shi, ka ci, ka rabar, ai ba ka ƙi shi a kwano ba. Ranar da ragunan suka fara cin harawa, Alhaji ya yi ta sa masa albarka a gaban kowa, har da cewa lungun nan ya yi dace da ɗa. Sannan ya tura masa farantinsa da cokali, ya ɗora masa tsoka biyu a kai.

Na kasa haƙuri na ce, "Alhaji, ragunan ba su yi ƙyama ba?"

Ya ce, "Rago ai ba ya alwala, Malam Shehu."

Aka sake yin dariya. Shi ma da ya faɗa ya ji daɗin maganarsa.

A nan ne na yi wautar da ta fi ta takarda. Tun muna yara mun taso muna jin cewa in kare ya sa baki a ƙwarya, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta tsarkaka. Mutane kuma suna haɗawa da waccan dabbar. Sai na ce to ga hanya. In ƙyama suke yi, bari a wanke a gabansu, irin wankin da ba mai iya cewa bai isa ba. Na gaya wa Hambali. Ya ce Baffa, liman ya ce ba a bukata, kuma kwanana tara rabona da can, na yi wanka ya fi sau ashirin. Na ce na sani, don su za ka yi. Ya ce in ya yi, ya yarda ke nan da akwai abin wankewa. Na ce ni na haife ka ko kai ka haife ni? Kakarki Nana Hauwa tana jin mu daga tsakar gida, ta ce kada in yi, ba a wanke ɗa a gaban mutane. Na ce mata wannan maganar maza ce.

Ya bi ni. Na ɗauki buta da kaina, na ɗebi ƙasa mai kyau a murfin kwano. Da aka zauna na ce jama'a ku shaida. Mutum mai shekara arba'in da biyu, mai 'ya'ya huɗu, ya tsuguna a bakin kwata, ina zuba masa ruwa ina ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu. A na farko ya cuɗa da ƙasa. Masu wucewa suka tsaya. Mata suna leƙe ta saman katanga. Kansa yana ƙasa har muka kai bakwai. Na kama hannun na kawo shi tabarma, na buɗe kwanon gidana, tuwon dawa miyar kuka, na ce bismilla. Ya sa hannu, na sa.

Mu biyu muka ci. Sauran kowa ya sami abin yi, mai gyaran hula, mai duba waya. Sai Malam Anas, shi da ba mugu ba ne, ya faɗi abin da yake ransu, a hankali.

Ya ce, "Malam Shehu, yau dai ya wanke, mun gani. To jibi ba zai koma ba?"

Kin ji. Da can zato suke yi, yanzu ni uban na tabbatar musu da buta. Kafin sati labari ya kai Ƙofar Na'isa, wai har mahaifinsa ba ya cin abinci da shi sai ya yi wanki bakwai. Ni da na yi don a ci da shi. Wata mata ta dawo wa Zuhra da kwanon cincin ɗin da ta kai mata na suna, ba a taɓa ba.

Hambali bai yi mini fushi a fuska ba, da ma ya yi. Ya daina fitowa ciyayya kawai. In an idar da salla ya shige sashensa. Na same shi na ce to ka roƙi a canja maka aiki mana, ka koma kan shanu, wata shida an manta. Ya ce jinin da ya tara na shekara uku yana cikin firji a ɗakin bincike, an fara gane cewa yawancin ɓarnar motocin lodi ne suke yawo da ita daga kasuwa zuwa kasuwa, in ya saki yanzu ba mai ɗauka. Ƙauyukan nan kuma sai da ya shekara kafin su yarda su bar bahaushe mai salla ya shiga garkensu, su ma da tasu ƙyamar, suna cewa gwamnati ce ta turo shi ya kashe musu dabbobi. Ya ce can sun yarda da shi da ƙyar, nan an ƙi shi da sauƙi, to bari ya riƙe wanda ya sha wuya a kai.

Bayan salla da wata ɗaya ya ce mini an ba shi wuri a babban ɗakin bincike a Filato, ya karɓa. Ya kwashe Zuhra da yaran. Ranar tafiya duk 'yan ciyayya suka fito rakiya har bakin titi, aka yi addu'a mai tsawo, kowa hannu a ƙirji. Mota tana shirin tashi Alhaji Bilal ya leƙa ta taga ya ce Dakta, lambar wayarka dai ba za ta canja ba ko, saboda raguna.

A daren na ce wa Nana Hauwa kada a ƙara fitar da kwanon gidan nan. Ta dube ni ta ce yanzu ka ji.

Kwana huɗu ba su ga kwano ba, ba su gan ni ba, sai ga Malam Anas da Alhaji Bilal a zaurena. Wai ciyayyar gida shida ce tun iyaye, ba a taɓa cire kwano ba sai in mai gida ya mutu, kada in zama farkon wanda ya ɓata. Alhaji har da wasa, wai miyar kukar Hajiya ce ta kawo su biko. Na ce sharaɗina ɗaya, duk ran da Hambali ya zo ganin gida, zai zauna ya sa hannu, ba cokali, ba faranti, ba buta. Suka dubi juna. Alhaji ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a bari ya gama binciken tukuna, in ya gama sai a yi masa walima ma.

Na kira Hambali a waya a gabansu, na sa aka buɗe murya, na ce yaushe za ka gama? Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Ya ce, "Baffa, bushiya sai da aka fi shekara ɗari ana fama kafin a ga bayanta. Wannan ko rigakafi ba mu samu ba."

Na ce to kun ji. Suka ce Allah ya kyauta, suka tashi.

Yau wata bakwai ke nan. Gida biyar suke ci a ƙofar Alhaji Bilal, ina jiyo hirarsu daga nan in iska ta juyo. A masallaci muna gaisawa, ni suna ba ni hannu. Hambali ya zo sau biyu, kwana ɗai-ɗai, a zauren nan muka ci, na bar ƙofa a buɗe don mai wucewa ya gani. Na biyun ya ce mini yaran sun saba da sanyin can, har ya nemi fili. Sashensa na kulle, ban ba kowa ba, amma ƙanensa zai yi aure bayan azumi, kuma ba ni da wani ɗakin. Tsaya nan, hannunki ya gaji, ni ma an kusa kiran salla.